Yatsan Yaya

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Samfurorin sun ɓace.

Zan rubuta abin yadda ya faru, tunda shi na iya. Da safe Dogo, mai kula da na'urorinmu, ya sabunta manhajar da ake rubuta aiki a cikinta, a kan duk kwamfutocin ofis, kamar yadda ya saba yi lokaci-lokaci. Da ya gama, Mai Gilashi, ɗaya daga masu rubuta manhaja, ta danna wurin buɗe sabon aiki. A da jeri ne yake fitowa: na asibiti, na makaranta, na kantin magani, na shago. Ka zaɓi ɗaya, ya miƙo maka aiki rabinsa a gine, bango da ƙofofi duk a wurinsu, kai naka fenti ne da jera kaya. Yau farin fili ne ya fito, da layi guda a tsakiya wai ba a sami komai ba.

Mai Gilashi ta juyo. "Dogo, me ka taɓa?"

"Ni? Abin da aka ce in danna na danna."

"Haka ka ce ranar da ka ƙona firinta."

Aka yi dariya. Ba ta daɗe ba.

Ni ba mai rubuta manhaja ba ce. Aikina in rubuta bayanin yadda ake amfani da ita, in gyara saƙonnin da take nuna wa mutane. Daga jarida na zo. Da jaridar ta rufe, Yaya ya kawo ni nan, ya ce wa Manaja, "Ga ƙanwata, ta san inda ake sa waƙafi." Shi ya fara kirana Edita, sunan ya bi ni.

Yaya ne ya gina samfurorin. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Teburinsa yana bakin taga. Wani ya wanke kofinsa ya kife, ban san ko wane ne ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Asibiti. Yaya ya buɗe ido ya dube ni, ko kuma ya dubi bangon da ke bayana. Anti, matarsa, ta ce ya gane ni. Ban musa mata ba. Inna tana kan kujerar roba a gefen gado, inda take tun ranar farko. Ban ba su labarin ofis ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya wuni yana haƙa. Ya duba saba, wato babbar na'urar da ofis yake ajiye komai a ciki. Ya duba tsofaffin ajiya. Ya cire sabuwar manhajar ya mayar da tsohuwa. Farin filin nan dai. Ya ce abin kamar mutum ya dawo daga tafiya ya tarar gidansa na nan amma babu ɗaki ko ɗaya.

Na gyara saƙonni biyu da ba sa bukatar gyara.

Laraba, tsakar rana

Dogo ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya rage murya. Ya gano abin.

Samfurorin ba su taɓa zama a saba ba. Suna cikin wata folda a laftof ɗin Yaya, wadda ya buɗe wa sauran kwamfutocin ofis suna ɗiba. Kowacce ta ajiye kwafinta. Sabuntawar Litinin ta share kwafin, ta tafi neman asali, asalin kuwa ba ya ofis.

"Shekara da shekaru daga rijiyarsa muke sha," in ji Dogo, "mu kuwa mun zaci famfo ne."

Na ce, "Me ya hana shi ɗora su a saba?"

"Na sha yi masa magana. Sai ya ce bari ya ƙarasa gyara su."

Yaya bai taɓa ƙarasa gyara komai ba. Ƙofar banɗakin gidansa shaida ce.

Dogo ya tambaya ko na san inda laftof ɗin take. Tana ɗakina. Ni na tsince ta a ƙasan matakala ranar da ya faɗi, da makullin motarsa da takalmi ƙafa ɗaya. Ban buɗe ta ba. Na dai jona ta da wuta tun daren farko, saboda Yaya ya tsani ya ɗaga murfi ya tarar babu caji.

Dogo ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce irin wannan laftof ɗin da yatsa ake buɗe ta, muddin barci take yi. "Amma in batir ya ƙare ta ɗauke gaba ɗaya, sai kalmar sirri. Kin kuwa san yayanki da kalmar sirri. Ko shi wani lokacin sai ya yi tunani."

"Yatsan wa?"

 Tambayar banza ce, ni ma na sani. Dogo ya tashi ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya ce, "Kar dai ki cire ta daga caji, Edita. Don Allah."

Laraba, bayan magariba

Fitilar caja tana ci. Koriya ce, ƙarama kamar ƙwayar gero.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya zuba min shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi jikin Yaya, na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Muka gama wannan.

Ga abin da ya ce, ba ƙari ba ragi. Akwai sabon aiki na wasu kantunan magani, dole a fara shi kafin ƙarshen wata. Da samfuri, Dogo da Mai Gilashi za su iya. Ba samfuri, sai an sake ginawa daga tushe, kuma wannan ya fi ƙarfinsu. Sai an ɗauko babba daga waje. Kamfanin ba zai iya ɗaukar manya biyu ba.

"In samfurorin suka dawo," ya ce, "zan iya riƙe masa kujerarsa har ya miƙe."

Bai ambaci yatsa ba. Duk tsawon maganar yana murza nasa a bakin kofi.

Mutumin kirki ne, ina so wannan ya shiga rubutu. Ya zo asibiti a makon farko, ya tsaya a bakin ƙofa bai iya shiga ba.

Na ce zan yi magana da gida.

Juma'a, yamma

Ban yi maganar ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na yi ta yau. Na tsara ta a hanya kamar labarin shafin farko, muhimmi a sama, bayani a ƙasa. Da na buɗe baki sai ta fito a birkice.

Anti ce ta fara ganewa. Ta yi dariya, ta farko tun da muka shigo asibitin nan. "Wato duk ofis ɗin a aljihunsa yake yawo da shi? Kai, Maigida!" Ta bugi ƙafarsa a hankali ta saman bargo.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sa na maimaita. Na maimaita.

"Ku kawo na'ura, ku ɗauki hannunsa, ku danna."

"Yatsa ɗaya ne, Inna. Ba zai ji komai ba."

"Ke kika san abin da yake ji?"



"Hannun mutum ne, ba makulli ba," in ji Inna. "Yayanki yana kwance, ku kuna can kuna lissafin yatsunsa."

Anti ta ce, "Inna, wallahi da zai iya magana cewa zai yi a kawo. Har sai ya zage su da ba su kawo da wuri ba. Kujerarsa fa ake magana."

"To ya yi maganar," in ji Inna. "Ina nan, ina ji."

Dukkanmu muka dube shi. Sai nas ta shigo za ta juya shi, ta ce mu ba ta wuri.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

An ɗauke wuta tun safe. Na jira, na jira, sannan na sa laftof ɗin a jaka na sauka shagon mai aski, shi yana da janareta. Ya ba ni soket ɗin da ke bayan madubi. Na zauna a benci tsakanin maza masu jiran layi, jaka a cinya, waya ta fito daga cikinta ta shige bango.

Mai aski ya ce, "Malama, buɗe ta mana ki yi aikinki, ba mai leƙa miki."

Na ce ba tawa ba ce.

"To reno kike yi ke nan. Nawa ake biyan awa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Gashin mutane ya cika min takalmi.

Wuta ta dawo da la'asar. Fitilar tana ci.

Litinin, tsakar rana

Kowa yana tambayar jikin Yaya. Direba ya tambaya a bakin ƙofa, mai kula da kuɗi ta tambaya a matakala, Manaja ya tambaya da safe ya sake tambaya kafin azahar. Yaya jikin? Ya fara magana? Hannun fa?

Na lura tambayoyin sun ƙaru tun ranar da jerin ya zama fari. Kafin nan sun fara raguwa. Lura kawai na yi. Ba na ganin laifin kowa. Wanda ba ya nan, sai an nemi abu a wurinsa ake tuna ba ya nan.

Mai Gilashi ta gwada wata dabara. Ta ɗauko tsohon aikin wani kantin magani tana feɗe shi, wai ko za ta isa ga ƙashin samfurin da ke ciki. Duk abin da ta cire sai wani ya rushe a wani gefen. Na same ta a ɗan kicin ɗin ofis ta cire gilashin tana goge ido.

"Ba don aikin ba ne," ta ce. "Shi ya koya min komai. In na yi kuskure sai ya ce, madalla, yau kin samo sabo."

Na cika mata butar shayi. Ban iya wani abu ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Inna ta fita alwala, Anti ta sauka kantin magani. Na matsa kusa da shi, na kama hannun hagu, wanda yake motsi. Nas ta ce in ana masa tambaya yakan matse.

Na ce, "Yaya, Edita ce." Ya matse.

Na ba shi labarin duka, da farin filin, da rijiyar Dogo, da shayin Manaja. Na ce, "In kawo laftof ɗin?" Ya matse.

Da ma na tsaya nan.

Na ce, "Kar in kawo?" Ya matse. Ƙarfin ɗaya, tsawon ɗaya.

Na yi shekaru a gidan jarida ina hana yara sa wa mutane magana a baki. In mutum bai ce ba, bai ce ba, ko da kuwa ka tabbata abin da zai ce ke nan. Ba zan fara da shi ba.

Farcensa ya yi tsawo. Gobe zan kawo abin yanka.

Laraba, safe

Fitilar tana ci.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Manaja ya zagaya ofis da wani baƙo mai jaka ta fata. Ya nuna masa ɗakin saba, ya nuna masa kicin. Da suka zo bakin taga baƙon ya tsaya ya ce nan akwai iska. Ya ɗora hannu a bayan kujerar yana magana, bai ma san ya ɗora ba.

Dogo ya ce daga wani babban kamfani yake, kuma ya iya aiki. Ya faɗi haka yana kallon allon kwamfutarsa.

Na gaya wa Anti a waya. Ta ce, "To." Ta kashe.

Juma'a, bayan la'asar

Anti ta kira. "Ki kawo laftof ɗin gobe da rana, lokacin da Inna take komawa gida ta yi wanka."

"Ba da saninta ba?"

"Ni ce matarsa. Ni zan ɗaga hannun. Ke riƙe na'ura kawai."

"Anti, bai ce ba."

"Edita, shekara nawa ina dafa masa abin da bai ce ba, yana cinyewa? Ki kawo."

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

An yi.

Zan rubuta a jere, don kar in riƙa sake tsara shi a kaina.

Na isa bayan azahar. Inna ta tafi. Anti ta ja labule ta zagaye gadon. Na zauna a bakin katifa, na ɗora laftof ɗin a cinyata, na ɗaga murfi. Ta farka nan take, ta nuna hoton yatsa tana jira.

Dogo ya ce manuniyar hannun dama ce; ya sha ganinsa yana buɗewa. Ya kuma gargaɗe ni cewa in ta ƙi karɓa 'yan lokuta a jere, za ta rufe ta nemi kalmar sirri. Hannun dama shi ne wanda ba ya motsi. Anti ta ɗago shi da hannu biyu. Ban san hannu yana da nauyi haka ba. Ya ɗan kumbura, yatsun sun lanƙwashe ciki, sai da ta miƙar da manuniyar da nata yatsan.

Ta ɗora. Hoton ya girgiza, ya ƙi.

Ta sake. Ya ƙi.

Na ce mu bari. 

Nas ta leƙo ta labule, ta gane abin da muke yi. Ta ce fatar ce ta bushe kuma ta yi sanyi, a ɗumama ta. Anti ta sa yatsan tsakanin tafukanta tana murzawa, ta hura masa iska da bakinta, kamar yadda ake yi wa yaro in ya buge. Tana yi tana masa magana.

"Maigida, ara mana yatsa. Yanzu za mu dawo maka da shi. Kai ma da rowa, komai sai ka kulle."

Ta ɗora a karo na uku. Laftof ɗin ta buɗe.

Aikin da yake yi ranar yana nan a buɗe, layin ƙarshe bai kai ƙarshe ba, 'yar sandar rubutu tana ƙiftawa a inda ya tsaya. Ban karanta ba. Na nemo foldar inda Dogo ya kwatanta min, na sa filashi, 'yar na'urar kwasar bayanai, na kwafa. Abin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Na yi zaton zai fi haka.

Da na ɗago, idonsa a buɗe yake, yana kan allon. Ruwa ya gangaro daga gefen ido ɗaya ya shige kunne. Nas ta ce hakan yana faruwa, hasken ne, ba kuka ba ne. Na rubuta abin da ta ce.

Ina zuge jakar sai Inna ta shigo. Ba ta sami mota ba, ta fasa tafiyar. Ta dubi labule, ta dubi jaka, ta dubi hannun da ke saman bargo, ba inda ta bar shi ba. Anti ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta zagaya ta ɗauki hannun, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shi ƙarƙashin bargo ta gyara.

Ta zauna a kujerarta. Ba ta dube ni ba.

"Ki gaida mutanen ofis," ta ce.

Lahadi

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo. Yana ciwon.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Dogo ya ɗora samfurorin a saba kafin shayinsa ya huce. Mai Gilashi ta danna. Na asibiti, na makaranta, na kantin magani, na shago, har da wasu biyu da ba wanda ya taɓa gani, waɗanda bai ƙarasa ba. Aka tafa. Manaja ya aika aka sayo lemo. Mai Gilashi ta rungume ni har gilashinta ya karkace.

Dogo ya ce yanzu ko gobara aka yi ba za su sake ɓacewa ba. Ya yi kwafi a wurare uku.

Laraba, yamma

Direba ya tambayi jikin Yaya.

Alhamis, yamma

Likita ya ce a mayar da shi gida. Ya ce abin da ya rage na gida ne. Anti ta tambaye shi ma'anar haka, ya sake faɗin abin da ya faɗa da wasu kalmomi.

Inna tana amsa gaisuwata. Iyakarta ke nan.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya sake kirana. Ba shayi yau.

Baƙo mai jaka ba zai zo ba, ya ce, kuma ni ce sila, ya gode. Aikin kantunan yana tafiya fiye da yadda ya zata. Wannan ne ya sa ya zauna ya yi tunani. Tunda samfurorin suna saba, kowa yana iya kaiwa gare su, abin da ofis yake bukata yanzu ƙaramin ma'aikaci ne da zai riƙa kula da su. Matsayin Yaya za a sake masa fasali.

"Ba sallamarsa nake yi ba, Edita. Ranar da ya miƙe, ƙofar nan a buɗe take."

Na ce na gane.

Ya ce tunda ni ce mai alƙalami, in rubuta sanarwar neman ma'aikacin. Ya faɗa yana gyara takardun da ke gyare.

Na koma teburina na rubuta. Na sa duk abin da na san Yaya yana yi: samfurori, da saba, da koyar da sababbi, da amsa wayar kantin da manhajarsa ta tsaya ranar hutu, da zama da mai shagon da ke tsoron kwamfuta har ya daina tsoro, da gyara kuskuren wani ba tare da mai kuskuren ya ji kunya ba. Ban ƙara ko kalma ɗaya da ba gaskiya ba. Ya cika shafi ya shiga na biyu.

Manaja ya karanta a tsaye. "Wannan ai mutum uku ne. Wa zai nema? Rage shi."

Na rage. Ya koma 'yan layuka. Ya ce yanzu ya yi daidai, gobe za a fitar.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Gidan Yaya. Gobe za a kawo shi, kuma ba zai iya hawa sama ba, don haka muna kwashe falo a sa gado. Inna tana share inda kujeru suka tashi. Ni da Anti muna fitar da kaya.

Muna tsaye a gefen teburin cin abinci sai Anti ta rage murya don kar Inna ta ji.

"Yaya ofis? Sun riƙe masa kujerar dai ko?"

Na ce ta kama wancan gefen da kyau, teburin yana da nauyi.